Salon da ba na makaranta ba: har yaushe yake ci a damben masu nauyi?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah mai sana'ar nama a mayankar Oko-Oba da ke Agege. Ga ta a taƙaice: yana da ƙane ɗan shekara 21, nauyinsa ya haura kilo 100, ya taso yana damben gargajiya a gida, yanzu ya koma damben zamani a nan Legas. Hannuwansa kullum a ƙasa suke, tsayuwarsa ba irin ta makaranta ba ce, naushin damansa daga can baya yake ɗauko shi, amma duk wanda ya samu sai ya zauna. Kocinsa na so ya gyara shi, yaron ya ƙi, yana cewa ai Wilder, tsohon zakaran duniya na masu nauyi, shi ma haka yake. To har yaushe irin wannan salon yake ci a ajin masu nauyi?

Malam, Allah Ya saka da alheri da ka damu da yaron nan har ka tambaya. Na daɗe ina horar da samari tsakanin Agege da Surulere, kuma irin ƙanen naka sun wuce ta hannuna ba ɗaya ba, ba biyu ba. Abin da zan fara gaya maka shi ne, kafin a ce salo zai daɗe ko ba zai daɗe ba, sai an gano me yake ɗauke da shi. Wani salon baƙuntarsa ce kaɗai ke ɗauke da shi, wato abokin karawa bai taɓa ganin irinsa ba. Wani kuma saurin ido da ƙafa ne. Wani ƙarfin hannu. Wani tsawo da sanin tazara. Kowanne da ranar ƙarewarsa, kuma ranakun sun yi nisa da juna ƙwarai. A waje duk kamarsu ɗaya: mutum ya saki hannu, yana yin abin da koci ke hanawa, yana cin nasara.

Wanda ya fi saurin mutuwa shi ne na baƙunta. Baƙo raɓa ne, rana na ɗagawa ya bushe. Duk wanda ya zauna a gidan kallo a watan Oktoban 2023 ya ga Francis Ngannou, ɗan Kamaru, wanda bai taɓa damben zamani na ƙwararru ba, ya kayar da Tyson Fury, mai riƙe da kambun duniya a lokacin, ƙasa a turmi na 3 a Riyad. An kai ƙarshen turmi 10, alƙalai biyu suka ba Fury, ɗaya ya ba Ngannou. Washegari a kasuwa ba a maganar kowa sai shi. Ba a cika wata biyar ba, a watan Maris na 2024, Anthony Joshua ya kai shi ƙasa sau uku, ya gama da shi a turmi na 2. Ƙarfin Ngannou bai ragu ba a wata biyar. Abin da ya canza shi ne, yanzu akwai turmi 10 na bidiyonsa a hannun masu horar da Joshua, sun ga inda yake ajiye haɓarsa idan ya sauya tsayuwa, sun ga hanyar dama a buɗe take. A zamanin da, mutum kan yi shekaru yana cin mutane da dabara guda saboda sai wanda ya je filin ne ya gan ta. Yanzu kowane yaro da ke gefen igiya waya ce a hannunsa. A matakin manya, salon da baƙunta kaɗai ke riƙe da shi karawa ɗaya yake yi, in ya yi tsawon rai biyu.

Tunda Wilder ƙanen naka ya kafa hujja da shi, bari mu tsaya a kansa sosai, don labarinsa ya fi abin da samari ke ɗauka.

Deontay Wilder bai fara dambe ba sai da ya kai kusan shekara 20. Shekara uku bayan nan ya ci tagulla a gasar Olamfik ta 2008 a Beijin. Wato bai samu shekarun yarinta da ake dasa ginshiƙi a cikinsu ba, kuma hakan bai taɓa ɓuya a damben nasa ba: ƙafafu na harɗewa, naushi na fita kamar ana sarar itace, idan ya ji ƙanshin jini sai ya manta da komai. Amma yana da tsawon da ya haura mita 2, da dogon hannu, da dama mai tafiya a miƙe kamar harsashi. Ya karɓi kambun duniya na hukumar dambe ta WBC daga Bermane Stiverne a watan Janairun 2015, ya kare shi sau 10. Kafin ya haɗu da Fury ya yi karawa 40, ya ci duka, 39 daga ciki da kisa, wato ya buge mutum har ya kasa ci gaba. To ka ga shekara biyar cif yana riƙe da kambu da wannan salon. Duk wanda ya ce maka irin wannan damben ba ya kai mutum ko'ina, bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai ka duba yadda yake cin. A karawarsa ta biyu da Luis Ortiz a watan Nuwamban 2019, turmi shida Ortiz na koya masa karatu, alƙalai uku duka sun ba Ortiz gaba. A turmi na 7 dama ɗaya ta sauka, magana ta ƙare. Dambensa ke nan: ya yarda a ci shi da maki na minti 20, don ya san daƙiƙa ɗaya yake nema. Wannan ciniki ne mai riba muddin abubuwa biyu na nan. Na farko, abokin karawa na tsoronsa yana ja da baya, yana ba shi filin da zai dasa ƙafa ya miƙa hannu. Na biyu, ƙafarsa na da saurin da za ta kai shi wurin kafin ƙofar ta rufe.

Na farkon Fury ne ya karya shi. A haɗuwarsu ta watan Disamban 2018, Wilder ya kayar da shi a turmi na 9 da na 12, aka tashi kunnen doki. Amma ka koma ka kalli abin da ya faru bayan Fury ya miƙe a turmi na 12: shi ne ya koma yana tura Wilder baya, kuma Wilder bai san me zai yi ba. Nan asirin ya tonu. Fury ya canza koci, ya koma wurin SugarHill Steward, ya ƙara nauyi daga kusan kilo 116 zuwa kusan 124. A watan Fabrairun 2020 tun daga ƙararrawar farko ya taka gaba, ya danne shi, ya jingina masa nauyi, ya hana shi dasa ƙafar baya. A turmi na 7 aka jefo tawul daga kusurwar Wilder. A watan Oktoban 2021 Wilder ya nuna zuciya irin ta maza, ya kayar da Fury sau biyu a turmi na 4, amma a na 11 aka kashe shi.

Na biyun kuma shekaru ne suka cinye shi. Daga wannan karawar zuwa Disamban 2023 turmi ɗaya tak ya yi a fage, wanda ya kashe Robert Helenius a cikinsa. Da ya haɗu da Joseph Parker yana da shekara 38. Na kalli wannan damben har ƙarshe, kuma abin ya taɓa min zuciya. Ga hannun daman nan a ɗane, kana ganinsa, turmi 12 yana jiran lokaci, lokacin bai zo ba. Ido na ganin ƙofa, kafin saƙo ya isa ƙafa ta rufe. Parker ya ci da maki ba gardama. Ba a cika wata shida ba Zhilei Zhang ya gama da shi a turmi na 5. Masu dambe kan ce ƙarfin hannu ne ƙarshen abin da ke barin mutum, kuma gaskiya ne. Amma ƙarfin da ba shi da abin hawa a gida yake kwana. Da Wilder na da jab, wato miƙaƙƙen naushin hannun gaba, da zai ci maki da shi, da riƙo, da iya dambe yana ja da baya, da ya samu inda zai fake a ranar da damar ta ƙi fita. Bai da su, don bai taɓa buƙatarsu ba sai ranar da lokacin koyo ya wuce.

Mu ma muna da namu misalin a gida. Samuel Peter, ɗan Akwa Ibom, naushinsa kamar ana buga taɓarya, yana zagayowa ta gefe har ƙeya. A 2005 ya kayar da Wladimir Klitschko sau uku, duk da haka ya sha kaye da maki, don tsakanin faɗuwa da faɗuwa Klitschko ne ke cin kusan kowane turmi da jab da riƙo. A watan Maris na 2008 ya ci kambun WBC a hannun Oleg Maskaev, muka yi murna a ƙasar nan. Wata bakwai kawai ya riƙe shi. Da ya sake haɗuwa da Wladimir a 2010 ko sau ɗaya bai kai shi ƙasa ba, aka kashe shi a turmi na 10. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, amma an riga an haddace shi.

Salon da ya dogara da saurin ido shi ya fi kowanne kyawun kallo, shi ne kuma ya fi ba ni tsoro, saboda ba ya sallama kafin ya tafi. Muhammad Ali na shekarun 1964 zuwa 1967 yana yin duk abin da muke hana yara: hannu a ƙugu, ja da kai baya a miƙe maimakon kaucewa gefe, kusan ba ya dukan jiki. Yana tsira ne saboda yana ganin naushi tun yana fitowa daga kafaɗa. Ko a lokacin ma ramin na nan, don Henry Cooper ya kayar da shi da ƙugiyar hagu, wato naushin da ke zagayowa ta gefe, a 1963. Da aka hana shi dambe shekara uku da rabi ya dawo a 1970, ɗan abin da ya ragu a ƙafarsa bai fi ƙiftawar ido ba, amma ya isa. A watan Maris na 1971 ƙugiyar hagun Joe Frazier ta kai shi ƙasa a turmi na 15. A 1973 Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi. Kuma a bayan mutanen nan biyu akwai koci guda, Eddie Futch, wanda ya zauna ya karanci Ali kamar allo.

Abin da ya sa Ali ya zama Ali shi ne ya gane salonsa na farko ya mutu, ya ƙera wani. A Kinshasa a 1974 ya jingina da igiya, ya bar George Foreman ya zubar da ƙarfinsa, ya kashe shi a turmi na 8. Wannan salon na biyu kan haƙuri da wayo da ƙarfin haɓa aka gina shi, ya kuma ƙara masa shekaru a sama. Amma da jikinsa ya biya kuɗin. Duk mai son Ali da ya kalli karawarsa da Larry Holmes a 1980 ya san abin da nake nufi, ni dai ban taɓa iya kallonta sau biyu ba.

Roy Jones ma haka. A 2003 ya hau ajin masu nauyi ya ƙwace kambun duniya na hukumar WBA daga John Ruiz, hannu a ƙasa, yana wasa da shi. A 2004, yana da shekara 35, aka kashe shi sau biyu a jere cikin ƙasa da wata biyar. A abin da na gani, mai irin wannan salon yakan kai shekara 32 zuwa 35, daga nan sai a wayi gari babu. Wanda ya rayu da hannu a sama, idan idonsa ya rage sauri safar hannunsa na tare masa rabin dukan. Wanda ya rayu da kaucewa, ranar da ya makara da kaɗan, fuskarsa ce ke karɓa gaba ɗaya, kuma a wannan ajin mai dukan ya haura kilo 100.

Akwai kuma waɗanda salonsu ya saɓa wa makaranta amma ya kai su tsufa, kuma su nake so ƙanen naka ya kalla. Vitali Klitschko, wanda ya karɓe kambun daga hannun Peter, hannunsa na hagu a cinya yake ajiye shi, yana jan jiki baya, naushinsa kamar na hannu kawai ba kafaɗa. Idan yaro ya yi min haka a wurin horo sai na tsayar da shi. Amma Vitali ya yi kusan shekara huɗu ba ya dambe, ya dawo yana da 37, ya ci gaba da riƙe kambu har karawarsa ta ƙarshe a 2012 yana da 41, kuma a duk damben ƙwararrun da ya yi ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Sau biyu ya rasa, ɗaya ciwon kafaɗa, ɗaya tsagewar fatar ido a gaban Lennox Lewis. Dalili shi ne sakin hannun nasa lissafi ne. Ya san tsawonsa, ya san daidai inda hannun abokin karawa ke ƙarewa, yana tsayawa taki guda bayan wurin. Tsawo ba ya tsufa, sanin tazara kuwa ƙaruwa yake da shekaru. Foreman ma da ya dawo a 1987 bayan shekara 10, bai dawo da haukan ƙuruciya ba. Ya dawo da jab mai nauyi kamar ƙofar ƙarfe, da hannuwa a gicciye gaban fuska, da tafiya a hankali ba ɓarnar numfashi. A 1994, yana da shekara 45, ana cin sa da maki, ya kashe Michael Moorer ɗan shekara 26 a turmi na 10.

Yanzu mu dawo Agege.

Na san tsayuwar ƙanen naka ko ban gan shi ba, don dambe na gida ne ya dasa masa ita. Ƙafafu a wage, hagu a miƙe a buɗe tana aikin garkuwa da awon tazara, dama a can baya a naɗe tana jiran kisa. Wannan tsayuwar daidai take a inda aka haife ta, domin a can hannu ɗaya ke duka, turmi uku ne, kuma da mutum ya taɓa ƙasa an gama. A damben zamani hannu biyu ke duka, wanda ya faɗi ana ƙirga masa har goma ya tashi ya ci gaba, alƙalai na rubuta maki, kuma ƙwararru kan kai turmi 10 ko 12 na minti uku-uku. Abin da ɗan dambe na gida ke zuwa da shi mai tsada ne: ba ya tsoron duka, ya san lokaci, ya iya zuba nauyin jikinsa duka a naushi guda. Waɗannan ba a koyar da su cikin sauƙi. Amma hagunsa ba ta san duka ba, kuma bayan ya saki dama yakan bi ta da kai, ya tsaya a buɗe na daƙiƙa guda.

Na taɓa samun yaro irinsa, mahauci, ƙato, mai ladabi. Watanninsa na farko babu wanda ke son sa safa da shi. Sai na haɗa shi da wani tsohon ɗan dambe da bai kai shi nauyi ba, wanda gashinsa ya fara fari. Ranar farko tsohon ya sha wuya, har ya zauna kan igiya yana riƙe da kunne. Mako na biyu sai na ga ya daina ja da baya a miƙe, yana zagayawa, idonsa na kan kafaɗar yaron ta dama. Mako na uku, da kafaɗar ta motsa sai ya tako ciki, naushin ya wuce ta bayan wuyansa, ya sa masa gajeriyar hagu a ciki, ya riƙe shi, ya juya shi. Haka ya yi ta yi. A turmi na huɗu yaron na numfashi da baki, hannuwansa sun yi nauyi, ya kalle ni ta saman safa da idon da ke tambaya ko me ya faru. Ba abin da ya faru, an dai gan shi sau uku ne. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Haɗarin da ke gaban ƙanen naka a nan shi ne, masu nauyi ba su da yawa. A ƙananan azuzuwa yaro na samun abokan gwaji goma a wuri guda, kurakuransa na fitowa da wuri. Ƙato kuwa yana iya shekara uku ko huɗu yana kashe mutanen da ba su fi shi sani ba, sunansa na tashi, ana masa kirari a unguwa, kuskuren na ƙara kafuwa a jikinsa. Ranar da zai haɗu da wanda ya yi makaranta sosai, sau da yawa ita ce ranar da kuɗi da suna ke kan tebur, a gaban jama'a, babu damar gyara. Saboda haka idan ka tambaye ni adadi: a cikin gida salonsa na iya ci shekaru. A gaban wanda ya iya, ya kuma ga bidiyonsa, ba na ba shi fiye da turmi huɗu a yadda yake yanzu.

Duk da haka ban goyi bayan a rushe shi a sake gini ba, kuma a nan ina roƙon kocinsa ya yi hattara. Na ga an ɗauki yaro mai kisa a hannu an matse shi cikin tsayuwar littafi har ya rasa naushin damansa, bai kuma zama gwanin maki ba, aka yi biyu babu. Damar nan baiwa ce daga Allah, a bar masa ita, har da hanyar da take bi mai rikita mutane. Abin da za a yi shi ne a gina mata gida a ƙarƙashi. Hagu ta koyi duka har ta iya cin turmi ita kaɗai. Hannu ya riƙa komawa haɓa bayan kowane naushi. Ya koyi jefa naushi yana ja da baya, ya koyi riƙo da hutawa a cikinsa. Ya yi gudun asuba kafin ya tafi mayanka, don numfashi ne ke fara gudu ya bar ƙato. Yana da shekara 21, icce na ɗanye. Wilder da yake kafa hujja da shi bai samu wanda ya tilasta masa wannan da wuri ba, shi kuwa ya samu, ga koci ga yaya.

Ka gaya masa ya kalli turmi na 7 na karawar Ortiz ta biyu, ya ji daɗinsa. Sannan ku zauna tare ku kalli turmi 12 na karawar Parker daga farko har ƙarshe, kada ya tsallake ko ɗaya. In ya yarda, ka kawo shi wurina ranar Asabar da sassafe, da robar haƙori da bandejinsa, kada ya cika ciki. Ranar farko zan ɗaure masa hannun dama a ƙirji da ƙyalle, ya yi turmi uku da hagu kaɗai, kai kuma kana zaune a gefe kana kallo.